Akwatin Lissafi na Gwangwani: Rombos Ke Tona Asirin Kamfas

Da an shiga watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, masu shagunan littattafai da masu tebur a babbar kasuwa sukan fito da akwatunan lissafi su jera a gaba, don sun san jarrabawar WAEC ta ƙarato, NECO kuma na biye da ita. Kowa "Oxford" yake ce wa akwatin nan. Asalin sunan na kamfanin Helix ne na Ingila, wanda aka kafa a 1887, ya kuma fara sa wa akwatinsa sunan a 1935. Sai dai yau sunan ya bi hanyar da omo ya bi, kowane garin sabulu omo ne, kowane gwangwani mai kamfas a ciki Oxford ne. Wannan sharhi a kan irin waɗannan akwatunan ne da suka cika kasuwa, masu kama da juna a fuska, masu bambancin sama da ƙasa idan an buɗe.

Abin da ke ciki kusan ɗaya ne ko'ina: rula mai santimita 15, set sikwaya biyu (ɗaya mai digiri 45, ɗaya mai 30 da 60), furotirakta (ma'aunin kusurwa) mai digiri 180, kamfas na zana da'ira, dibaida mai allura biyu, guntun fensir, kilina da abin fiƙe fensir. Wasu sukan ƙara da farantin roba mai ramukan haruffa, wanda ba ya tsinana wa ɗan sakandare komai. Hukuncinmu a taƙaice shi ne, duk wanda ya sayi akwatin lissafi kamfas ya saya, sauran gyara ce aka yi masa. In kamfas ɗin ya yi kyau an ci riba ko da kilinar na baƙanta takarda. In ya yi sako-sako an yi asara, komai ƙyallin fentin murfin.

Siffar da ta fi saurin nuna wannan ita ce rombos, wato siffa mai gefe huɗu da tsawonsu yake daidai, amma ta karkata, ba lallai kusurwoyinta su zama digiri 90 ba. Ita ce ake gani a ragar waya ta shinge, da ƙarfen taga na masu walda, da adon da dukawa ke yi a jikin fata. Layukan nan biyu da ke ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, waɗanda ɗalibai ke kira dayagonal, suna da hali biyu da ba sa canzawa: suna raba juna gida biyu daidai, kuma inda suka haɗu digiri 90 ne cif. Saboda haka cikin kowane rombos akwai alwatika huɗu iri ɗaya, kowace da kusurwa mai digiri 90, kuma gefen rombos ɗin shi ne gefe mafi tsawo na kowace alwatika. Da wannan kaɗai mutum zai iya lissafa amsa tun kafin ya ɗora fensir a takarda. Idan ya zana ya auna ya ga saɓani, ya san ko dai hannunsa ne ko kayan aikinsa.

A ɗauki rombos mai dayagonal 6 da 8 a santimita. Rabinsu 3 da 4. Bisa ƙa'idar Fitagoras, wadda ke fitar da dogon gefen alwatika mai digiri 90 daga gajerun biyu, 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, jimla 25, kuma lambar da za a ninka da kanta ta ba da 25 ita ce 5. Gefe santimita 5 ke nan, kewaye 20. Girman fili kuwa rabin abin da aka samu ne in an ninka dayagonal ɗaya da ɗayan: 6 sau 8 arba'in da takwas, rabinsa murabba'in santimita 24. Tunda rombos ɗan gidan faralelogiram ne, wato siffa mai gefe huɗu da kowane gefe biyu masu fuskantar juna ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, filinsa gefe sau tsayi ne kuma, don haka tsayin 24 raba 5, wato 4.8. Lambobi huɗu ne a hannu, kowace ana iya auna ta a kan zane.

Yanzu a zana. A ja layi mai santimita 8, a kafa allurar kamfas a ƙarshensa ɗaya, a buɗe fiye da rabin layin, a ja baka sama da ƙasa. Ba tare da an taɓa buɗewar ba a koma ɗaya ƙarshen a maimaita. Layin da ya haɗa wuraren da bakunan suka gitta juna shi ne ya raba na farko biyu a kan digiri 90. Daga mahaɗar a auna santimita 3 sama, 3 ƙasa, a haɗa ɗigo huɗun. Kowane gefe ya kamata ya ba da 5. Duk nauyin aikin yana kan kalmomin nan "ba tare da an taɓa buɗewar ba", kuma a nan ne akwatunan kasuwa ke rabuwa gida uku.

Akwai mai kamfas na ƙarfe mai ɗan nauyi a hannu, da sukuru a wuya wanda ake iya ɗaurewa, da zobe mai riƙe fensir shi ma da nasa sukurun. Wannan shi ne abin saye. Akwai mai kamfas na siririn gwangwani da aka lanƙwasa, wuyansa an dasa masa ƙusa an take, babu abin ɗaurewa. Ranar farko yakan yi tauri har ya ruɗi mai saye, amma bayan an buɗe an rufe na 'yan makonni sai ya saki, ya riƙa buɗe ƙafa da kansa duk lokacin da aka danna. Na ukun shi ne mai ƙafafun roba, wanda ke lanƙwashewa ko da wuyan ya riƙe. Wannan na 'yan firamare ne masu zana da'ira su shafa kala, bai kamata ya shiga ɗakin jarrabawa ba.

Mutane kan ɗauka zamewar milimita biyu ba wani abu ba ne. Ga abin da take yi. A ce an buƙaci rombos ABCD mai gefe santimita 6 da kusurwar digiri 60 a A, irin tambayar da ake yawan bayarwa a aji. Da yake kusurwar 60 ce, alwatika ABD duk gefunanta daidai suke, gajeren dayagonal BD santimita 6 ne. Rabinsa 3. Sai 36 a cire 9, saura 27, sikwaya rut ɗinsa (lambar da za a ninka da kanta ta ba da 27) 5.196, a ninka biyu, dogon dayagonal AC ya zama 10.39. Fili kuma rabin 6 sau 10.39, wato 31.18. To ɗalibi ya zana AB da AD daidai, ya zo zai ja bakunan ƙarshe daga B da D don samun C, kamfas ya zame daga 6.0 zuwa 6.2 bai lura ba. Yanzu ɓangaren dayagonal da ke wajen C ya zama sikwaya rut na 38.44 a cire 9, wato 5.43, jimlar AC ta koma 10.62. Kuskuren ya kai milimita 2.3. Masu duba takardar jarrabawa yawanci milimita ɗaya suke yafewa a tsawo, digiri ɗaya a kusurwa. Abin da ya fi muni, siffar da ke kan takardar ta daina zama rombos, ta zama mai gefe biyu gajeru biyu dogaye, kuma dayagonal ɗin ba su ƙara raba juna daidai ba. Yaron ya san hanya, ya bi ta, ya rasa maki saboda ƙusa.

Gwajin kamfas a bakin shago ba ya ɗaukar minti biyu, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. A ce masa, "Alhaji, a taimaka a buɗe mani wanga in gwada." A sa fensir, a buɗe santimita 5, a zana da'ira a bayan kwali. Abu na farko, ƙarshen layin ya dawo ya hau farkonsa ko ya wuce ta gefe kamar dodon koɗi? Abu na biyu, a kafa allura a kan layin da'irar a yi alama, a koma kan alamar a sake yi, haka har sau shida. Alama ta shida dole ta faɗo kan wurin da aka fara, domin tsawon buɗewar kamfas yana zagaya da'irarsa sau shida daidai. In ta wuce ko ta gaza da abin da ido ke iya gani, a mayar a ɗauki wani. Wani abin sha'awa, wannan zanen kansa rombos uku ne a haɗe. Tsakiyar da'ira da alamomi uku da ke jere sun ba da rombos mai gefe 5, gajeren dayagonal 5, dogo 8.66. Wanda ke da rula a hannu sai ya auna ya gani.

Rula ce ta biyu a muhimmanci, kuma laifinta iri biyu ne. Na farko na kowane akwati ne, mai tsada da mai araha: santimita 15 ta yi gajarta. Wata tambaya da ake yawan bayarwa a wannan babi ita ce mai dayagonal 12 da 16, wadda ke ba da gefe 10, kewaye 40, fili 96, tsayi 9.6. Rular akwati ba za ta ja layin 16 a tashi ɗaya ba, sai an ɗaga an sake ɗorawa, kuma a wurin haɗin ne layi ke karyewa kaɗan. Maganin wannan a sayi rula mai santimita 30 daban, a riƙe ta cikin littafi. Laifi na biyu na masu araha ne, zanen lambobin fenti ne kawai a saman roba, gumin hannu na watan Mayu yana goge shi, wani lokaci ma tun daga buga shi bai zauna daidai ba. Ana gane wannan da katin ATM, domin tsawonsa santimita 8.56 ne, faɗinsa 5.4, ko na wane banki ne. A ɗora rular a kai. Ko kuma a haɗa rula biyu baki da baki, sifiri da sifiri, a duba ko 15 ta zo kan 15. Ƙarin milimita ɗaya a kowane dayagonal na rombos ɗin farko yana mayar da fili daga 24 zuwa 24.7, kusan kashi 3 cikin ɗari, tunda dayagonal biyun ake ninkawa da juna. A kuma tuna wa yara cewa awo daga layin sifiri yake farawa, ba daga bakin roba ba. Wannan kam ba laifin kamfani ba ne.

Set sikwaya ba ta cika ba da matsala ba sai in rana ta dake ta. Akwatin da ya yini a kan tebur a buɗe cikin ranar Sakkwato, ko wanda aka bari ƙarƙashin kujerar babur, robarsa kan yi doro. A kwantar da ita a kan gilashin kanti, in tana rawa a bar ta. Don tabbatar da digiri 90 ɗinta, a jingina ta da rula a ja layi tsaye, a kifa ta ɗaya gefen a sake ja daga wuri ɗaya. Layi biyun su hau juna. Amfaninta a rombos shi ne saurin duba mahaɗar dayagonal.

Furotirakta kuwa aibinta ɗan ɗigon tsakiya ne. A wasu, mahaɗar layukan da ake ɗorawa kan kusurwa ta yi kauri ko ta goce daga layin sifiri. Kuskuren digiri 2 a rombos mai gefe 6 ɗin nan, wato 62 maimakon 60, yana mayar da gajeren dayagonal 6.18, dogon 10.29, fili 31.79. Amma ba mu ɗora mata nauyi sosai ba, saboda idan tambaya ta ce a yi amfani da rula da kamfas kaɗai, furotirakta ba ta da hurumin gina kusurwa, aikinta aunawa ne bayan an gama. Mai dubawa bakunan kamfas yake nema, shi ya sa ba a goge su. Ɗalibai da yawa sukan share su don takarda ta yi tsabta, su share maki tare da su. Gwaji mai kyau gare ta shi ne rombos mai dayagonal 6 da 8: ƙaramar kusurwarsa 73.7 ce, babbar 106.3, jimlarsu 180. In ta karanta 74 da 106 lafiyarta ƙalau. In an karanta 106 a wurin da ido ke ganin kusurwa tsukakka, an bi layin lambobin da ba shi ba ne, tunda jeri biyu ne a jikinta, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu.

Guntun fensirin da ke zuwa cikin akwati a ba ƙane ya yi wasa da shi. Bakinsa laushi ne, layinsa kan kai rabin milimita a kauri, kuma inda baka biyu masu kauri suka gitta ba ɗigo ake samu ba, tabo ake samu. A sayi fensir mai tauri, 2H, a yanke shi gajere don kamfas, HB kuma don rubutu. Wajen ɗaurawa a rufe kamfas, a daidaita bakin fensir da allura, allurar ta ɗan fi tsawo da kamar milimita ɗaya tunda za ta nutse cikin takarda. A sa wasu takardu a ƙasa, domin teburan makarantu da yawa duk ramuka ne da zanen reza, allura na faɗawa rami an rasa tsakiya. Dibaida, wadda yawancin yara suka mayar abin tsokanar na gaba, tana da aiki na gaske a nan: a buɗe ta daidai gefe ɗaya na rombos a ɗora kan sauran ukun, nan take za a san ko daidai suke, ba sai an karanta lamba ba.

Akwai abin da akwati, komai kyansa, ba zai gyara ba, kuma gaskiya ita ce yawancin tambayoyin rombos a takardar zaɓi ta WAEC, mai tambaya 50 cikin awa ɗaya da rabi, lissafi ne zalla babu zane. A JAMB ma da ake yi a kwamfuta babu inda kamfas zai shiga. Kuskuren da ya fi yawa shi ne manta raba dayagonal biyu. An ba da gefe 13 da dayagonal 10, ana neman fili. Mai gaggawa zai cire 100 daga 169 ya samu 69, ya fito da 8.31, lambar da ba ta da alaƙa da siffar. Daidai shi ne a ɗauki rabin 10, wato 5: 169 a cire 25 saura 144, sikwaya rut 12, ɗaya dayagonal ɗin 24, fili 120. Wasu kuma sukan tsaya a 12 su manta ninkawa, su samu 60. Akwai hanyar duba kai mai sauƙi: in an ninka kowane dayagonal da kansa aka haɗa, dole ya yi daidai da gefe sau gefe sau huɗu. A nan 100 da 576 sun ba da 676, kuma 169 sau 4 shi ma 676. Idan kewaye aka bayar, kamar 68 da dayagonal 16, a fara raba shi huɗu a samu gefe 17, daga nan 289 a cire 64 saura 225, rabin ɗayan 15, cikakkensa 30, fili 240.

Mai ɗan wuya ita ce wadda ba a ba da dayagonal ko ɗaya ba, sai fili 24 da kewaye 20. Fili ya nuna cewa ninkin dayagonal biyun 48 ne. Gefe 5 ya nuna cewa jimlar ninkin kowanne da kansa 100 ce. A ƙara 48 sau biyu a kan 100 a samu 196, sikwaya rut 14, jimlarsu ke nan. A cire 96 daga 100 a samu 4, sikwaya rut 2, bambancinsu ke nan. Lambobi biyu masu jimla 14 da bambanci 2 su ne 8 da 6.

Ga wanda ke tambayar daga ina rabin nan na ƙa'idar fili ya fito, a kai shi wurin mai walda. Taga mai santimita 120 a tsaye da 90 a kwance, ana son ado a tsakiya da zai taɓa tsakiyar kowane gefe na firam. Siffar da za ta fito rombos ce, dayagonal ɗinta su ne tsayin tagar da faɗinta. Rabinsu 60 da 45, kowane rodi santimita 75, huɗun mita 3 cif. Tagar duka murabba'in santimita 10,800 ce, rombos ɗin 5,400, domin alwatika huɗun da suka rage a kusurwoyi daidai suke da huɗun da ke ciki. Yaron da ya yanka wannan a kwali ya naɗe kusurwoyin zuwa ciki ya ga sun rufe rombos ɗin ruf, da wuya ya sake manta rabin.

Batun kulawa kaɗan ne. Ƙurar hunturu kan shiga wuyan kamfas ta sa shi ƙara da cijewa, a goge da ƙyalle busasshe, kada a zuba mai, don mai sakin wuyan yake yi. Mai sukuru a ɗaure shi da ƙaramar sukundireba ko bakin wuƙa har sai ya zama ana buɗe shi da hannu biyu. Mai ƙusa idan ya saki ana iya ɗora wuyan kan ƙarfe a ɗan buga da guduma sau ɗaya ko biyu, yakan riƙe na ɗan lokaci, amma ba abin dogaro ba ne ranar takardar lissafi ta biyu ta WAEC, inda ake amsa tambaya 10 cikin 13 a awa biyu da rabi kuma babu lokacin sake zane. Idan zoben fensir ya yi faɗi, a naɗa wa fensirin 'yar takarda kafin a ɗaure.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwatin da za a shiga jarrabawa da shi a saye shi tun farkon zango, hannu ya saba da taurin kamfas ɗin. Ga ɗan aji uku na ƙaramar sakandare mai matsakaicin kuɗi ya isa, muddin ya ci gwajin alama shida. Ga ɗan ajin ƙarshe na babbar sakandare, da mai koyon zanen fasaha, da ɗalibin lissafi a kwalejin ilimi da zai tsaya gaban aji gobe, a nemi mai sukuru a wuya ko da za a ƙara kuɗi, a haɗa da doguwar rula da fensir 2H guda biyu. Daren jarrabawa a buɗe gwangwanin a cire duk wata takarda da ke ciki, har da jadawalin da wasu kamfanoni ke sakawa, a kuma duba ko wani ya yi rubutu a cikin murfin, domin masu sa ido suna buɗe akwatuna a bakin ƙofa.